Abin da ɓera ya koya min a ɗakin bincike

Lokacin da na fara aiki da tsarin da muke kira kulos-lup, wato kwamfuta tana sauraron ƙwaƙwalwar dabba kai tsaye, da zarar ta ga abin da aka ce ta jira sai ta saki ɗan shokin lantarki ko haske nan take, na ɗauka duk wahalar a tiyata take, wajen dasa ilektrod, wato siriryar wayar da ke ɗauko siginal ɗin ƙwaƙwalwa, a kan ɓera. Ashe tiyatar ma da sauƙi. Rigimar tana wajen lokaci ne, kuma ba sakan ba, milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan.

Abin da muke farauta sunansa ripul, wata 'yar gajeruwar igiya ce mai sauri da ke tashi a hipokampus, ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke riƙe wuri da hanya, tana bugawa kamar sau 150 zuwa 250 a sakan, kafin ka ce kwabo ta ɓace, yawanci ba ta wuce milisakan 100. A 2009 Girardeau da su Buzsáki da Zugaro suka nuna in ana katse ta lokacin da ɓera ke barci bayan ya koyi hanya, koyon nasa sai ya ja baya. A 2012 kuma Jadhav da Loren Frank suka katse ta ɓeran yana farke. Irin wannan na so in yi.

Satin farko na'urata tana ta kama ripul ba ƙaƙƙautawa, ni ko sai murna nake. Malamata ta zo ta tsaya a bayana, ta ce, ɗora bidiyon kusa da siginal ɗin mu gani. Wallahi kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Duk sanda ɓeran ya ɗauki ladansa ya fara tauna, ko ya hau sosa kunne, hayaniyar tsokar muƙamuƙi sai ta ratsa matatar siginal ɗin tawa, kwamfuta ta ɗauka ripul ce ta harba. Ashe sati guda tauna nake hukuntawa. Maganin shi ne a ajiye wani ilektrod a inda ba a samun ripul, in duka biyun suka yi tsalle tare to hayaniya ce, kar a harba.

Na gyara wannan sai wata ta ɓullo, shokin da kansa yana barin tabo a siginal, na'urar ta ga tabon ta sake harbawa, ta sake gani ta sake harbawa, kamar kare mai bin jelarsa. Dole aka sa mata ɗan lokacin kurumta bayan kowane harbi.

Amma wanda ya fi zaunar da ni shi ne jinkiri. In ka sassauta ma'aunin kamawa ka kwaso shara, in ka tsaurara shi sai ripul ta yi nisa kafin ka tabbatar ita ce, ga kuma lokacin da bayanai ke ɓatawa a hanya daga kan dabba zuwa kwamfuta su dawo. Abin da manhaja ta rubuta maka a allo kar ka yarda da shi, jona osiloskop, na'urar da ke nuna siginal ɗin lantarki kai tsaye, ka auna jinkirin da idonka.

Sannan rukunin kwatance, wanda da nake gani kamar ƙarin aiki ne kawai. Ana ba wasu ɓerayen shoki iri ɗaya, amma a jinkirta shi sai ripul ta wuce. In su ma suka manta hanya to shokin ne ya rikita su, ripul ba ruwanta. Ba tare da su ba duk sakamakonka zance ne. Masu binciken tsuntsaye ma da wannan dabarar ta kama-ka-harba suke aiki, a 2007 Tumer da Brainard sun riƙa sakar wa tsuntsu ƙara duk sanda ya rera wata gaɓa da wani kaifin murya, har ya sauya muryar da kansa. Kuma tun 2013 Amurka ta amince da na'urar NeuroPace da ake dasa wa masu farfaɗiya, wadda ita ma kama-ka-harba take yi, to ka yi tunanin kuskuren taunar nan tawa a kan ɗan Adam.

Yanzu kullum da safe kafin in ɗauko ɓera sai na fara zuba wa na'urar tsohon rikodin da na san adadin ripul ɗin cikinsa, har da wajen taunar, in ga nawa za ta kama nawa za su kuɓuce mata. Jiya biyu suka kuɓuce, ɓeran bai fito daga kejinsa ba sai bayan azahar.