Gasar rubutu da kuɗin shigarta ke zama jarin mata

Akwai wata irin gasar rubutu da ake yi a Turai da Amurka wadda ta daɗe tana min yawo a kai, yau dai nace bari in zauna in amayar da abun da ke raina ko Allah zai sa marubutanmu na nan arewacin Kamaru su gani su ɗauka. Yadda abun yake shi ne ka rubuta gajeren labari ko waƙa, ka biya ɗan kuɗin shiga, alƙalai su zaɓi gwani a ba shi kyautarsa, amma ragowar kuɗin ba aljihun masu shirya gasar yake faɗawa ba, turawa ake ga ƙungiyoyin da ke ba ƙananan 'yan kasuwa rance a ƙasashe irin namu. Ƙungiyar da aka fi sani ita ce Kiva da aka kafa a Amurka a 2005, a can mutum na iya ba da rancen dala 25, wajen sefa dubu 15 kenan, in an biya kuɗin ya dawo sai a sake miƙa wa wani. Kenan ko labarinka bai ci komai ba kuɗinka na nan yana zagayawa hannu zuwa hannu.

Asalin wannan harka ta ƙananan rance da Muhammad Yunus aka santa, malamin jami'a ɗan Bangaladash. A 1976 ya shiga ƙauyen Jobra ya tarar da mata masu yin kujerun gora, ba su da kuɗin sayen gorar sai su ci bashi wajen dillali bisa sharaɗin shi za su sayar wa da kayan a farashin da ya ga dama. Ya lissafa mutum 42, duka abun da suke buƙata dala 27 ne, ya ciro daga aljihunsa ya ba su. Daga nan bankin Grameen ya taso a 1983, a 2006 aka ba shi da bankin kyautar Nobel ta zaman lafiya.

Wallahi duk sanda na tuna labarin matan Jobra Goggona nake gani. Man gyaɗa take yi a nan Garwa tun muna yara, ta soya gyaɗar ta murje ta fece, a kai inji a markaɗo, ta zauna bakin turmi tana juya tunkuzar tana yayyafa ruwan zafi har man ya taso ya kwanta a sama, hannunta duk ya yi kanta, ta ɗure man a kwalabe sauran ta murza ƙuli-ƙuli yara su kai bakin lekol. Aikin ta iya, masu saye ma akwai, amma gyaɗar kwano-kwano take ɗauka kredi wajen wani mai gyaɗa, shi kuma ya ɗora mata nasa a kai tunda ya san ba ta da yadda za ta yi. Na taɓa ce mata Goggo me zai hana ki sayi buhu guda lokacin kaka da gyaɗa ke araha, ta kalle ni tace ɗan nan da wane kuɗin? Toh ita ba sadaka take nema ba, jari take nema.

Sai dai fa akwai inda gizo ke saƙa, kuma ba zan ɓoye ba don ina son abun. Wanda ya saka kuɗi a Kiva ba ya karɓar ko sisi na riba, amma cibiyoyin da ke raba rancen a ƙasa yawancinsu suna ɗora kuɗin ruwa, wani lokacin mai nauyi, suna cewa da shi suke biyan ma'aikata da man moto na zagaye ƙauyuka. A wajenmu wannan ba ƙaramar magana bace, mata da yawa a kartiye ko an kira su ba za su je ba saboda tsoron riba, kuma suna da gaskiyarsu. Sannan an ga abun da ya faru a jihar Andara Faradesh ta Indiya a 2010, bashi ya hau kan bashi, masu karɓa suka matsa wa talakawa har wasu suka kashe kansu, sai da gwamnatin jihar ta sa doka. Binciken da aka fitar a 2015 daga ƙasashe 6, ciki har da Habasha da Maroko, ya nuna rancen na taimaka wa sana'a ta ɗan faɗaɗa amma ba ya fitar da gida daga talauci dare ɗaya yadda aka riƙa tallatawa.

Shi ya sa hankalina ya fi kwanciya da tsarin Akhuwat ta Fakistan da Dakta Amjad Saqib ya fara a Lahor a 2001, bashi ne ba ruwa ko kaɗan, abun da ka karɓa shi za ka mayar, kuma a masallatai da coci ake rabawa gaban jama'a. Ƙardun hasana kenan da malamai ke karantar da mu.

Toh mu me ya hana mu yi tamu? Waɗancan gasannin da Turanci ake yin yawancinsu, biyan kuma sai da katin banki, yaro a Marwa ko Kusuri ko Ngaundare da ke rubutu a wayarsa ina zai samu. Marubuta kuwa akwai su, tun da BBC Hausa ta fara gasar Hikayata a 2016 kowa ya ga yadda mata ke da labarai a cikinsu. A ce mutum 100 kowa ya tura sefa dubu ɗaya ta Orange Money ko MoMo, dubu 100 kenan, a cire dubu 30 a ba waɗanda suka ci, sauran dubu 70 a raba wa mata huɗu ko biyar lokacin kaka su biya a hankali ba ƙari. Ba banki za mu buɗe ba, wannan sai da lasisi da sa-idon COBAC, hukumar da ke kula da bankunan ƙasashen Afirka ta Tsakiya, mu ta hannun adashi za mu bi, tontin ɗin da iyayenmu mata suka riga suka iya, uwar adashi ta san wadda ke cika alkawari fiye da kowane ma'aikacin ofis. A sa liman da wata malamar lekol su zama shaidu, duk wata a fito da lissafi a fili a WhatsApp, abun da ya shiga da abun da ya fita, don abun da ke kashe irin wannan tafiya a wajenmu shi ne kuɗi ya shiga duhu a fara zargin juna.

A karɓi labari da Hausa da Fulatanci, boko ko ajami, wadda ba ta iya rubutu ba ta yi da murya a rubuta mata. Abu ɗaya dai nake roƙo tun yanzu, kar a ɗauki hoton matan nan a baza a Facebook ana cewa ga waɗanda muka taimaka, bashi suka ci kuma za su biya, mutuncinsu nasu ne. Ni dubu ɗayana na ajiye, kuma in an tashi neman wanda zai zagaya wajen iyayen adashin unguwarmu a yi magana da su kafin kaka ta shigo, zan je.