Ashe tauna ba aikin haƙori kaɗai ba ce

Lokacin da na fara aikin jinya a sashen tiyatar baki da muƙamuƙi, gani nake idan an cire ciwon dajin, ɗinki ya kama, to magana ta ƙare. Wani dattijo ne ya fara buɗe mini ido.

An yanke masa kusan rabin harshe, amma haƙoransa lafiya lau. Ranar da aka zare masa robar da ake ba shi abinci ta hanci, uwargidansa ta kawo tuwon shinkafa da murnarta. Ya kai loma, ya yi ta juya baki, tuwon ya tattaru a kumatun ɓangaren da aka yi aiki, bai ma ji ba. Na ce, "Baba, a hankali." Ya tofar a tafin hannu, ya ce, "'Yata, ga turmi, babu mai izawa."

Gaskiyarsa. Harshe ne ke tura abinci tsakanin haƙora, ya dunƙule shi, ya miƙa wa maƙogwaro. Idan muƙamuƙin ƙasa aka yanke, sai ya karkace, haƙoran sama da na ƙasa su daina haɗuwa. Shi ya sa likitoci kan ɗebo ƙashi daga ƙwauri su dasa a gurbin. Wanda aka cire wa ganɗa kuwa, ruwa ta hanci yake dawo masa, sai an yi masa marufi na roba. Idan kuma an bi da gashi, wato ƙona ciwon dajin da hasken na'ura, miyau ya ƙafe, ko burodi ba ya wucewa.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ƙanƙancewar baki, domin sannu yake zuwa. Mai lafiya yatsu 3 a jere suna shiga bakinsa. Idan buɗewar ta gaza milimita 35, an shiga matsala. Mukan jera 'yan itatuwan danne harshe tsakanin haƙora, ana ƙara ɗaya-ɗaya. Akwai zafi, kuma da yawa suna dainawa da zarar sun koma gida.

Shi Baba, miyar kuɓewa ce ta cece shi. Yauƙinta ke rakiyar loma, da tuwo ruwa-ruwa, cokali a ɓangaren da ke da rai. Da ya dawo ganin likita na tambaye shi ko yana ci. Ya ce yana ci, amma a ɗaki, shi kaɗai. Leɓensa na ƙasa ba ya jin komai, miyau kan zubo, ba ya son jikoki su gani. Awon nauyi kawai ke cikin katinsa, babu gurbin rubuta wannan.