Ɗora Kwamfireso da Tankin Iska a Motar A-kori-kura

Duk direban Hilux da ke bin hanyar yashi ya san sai an rage iskar taya zuwa 15 ko 18 PSI (ma'aunin matsin iska) kafin mota ta daina nutsewa. Matsalar tana wajen hawa kwalta, inda ake bukatar mayar da ita sama da 30, kuma babu mai faci ko a nesa. Nan ne kwamfireso, wato injin tura iska, na dindindin yake biyan kuɗinsa, in har an ɗora shi daidai.

A fara da gyara wani zato. Tanki ba shi ne ke cika tayoyi huɗu ba. Tankin galan 2.5, wato kusan lita 9.5, ko an cika shi har 150 PSI, da ƙyar ya mayar da taya ɗaya daga 18 zuwa 35. Amfaninsa shi ne iska mai ƙarfi a lokaci guda: zaunar da bakin taya a kan rim, hure ƙurar filta, busa hon na iska. Sauran aikin na kwamfireso ne, don haka wajen saye ka duba lita nawa yake turawa a minti, da kuma tsawon lokacin da yake iya aiki kafin ya huta. Wanda aka rubuta masa kashi 33 cikin ɗari, hutunsa ninki biyu ne na aikinsa. Kamfanonin VIAIR da ARB duk suna da masu kashi ɗari, su ne suka dace da manyan tayoyi a ƙasar zafi.

Wurin ɗorawa yana bukatar natsuwa. Ƙarƙashin bonet wayar batir gajeriya ce, amma zafin inji yana sa na'urar kariyar zafi ta riƙa kashe shi. A jikin shasi akwai sanyin iska, sai dai laka da ruwan damina. Ni dai na fi son cikin bodi, a kusurwa bayan kan mota, cikin akwati mai ramukan shan iska. Ko'ina ka zaɓa, ka nisanci salansa, ka sa robobin da ya zo da su a ƙarƙashin ƙafafunsa, ka ja filtar shaƙar iska da tiyo zuwa wuri mai tsayi da bushewa. Ƙurar hunturu in ta shiga silinda, tana cinye zoben fistin a hankali har ya daina tara iska. Tankin kuma a ɗaure shi da noti huɗu a ramukan da shasi ya zo da su. Kada a huda leɓen shasi na sama ko na ƙasa, daga nan tsagewa take farawa.

Wayarin ne inda aka fi yin ganganci. Kwamfireso irin wannan mai silinda ɗaya yakan ja amfiya 20 zuwa 30. Waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5 a tsawon mita 6 za ta zubar da wajen volt ɗaya, ta yi zafi, kwamfireson ya riƙa nishi. Sa mai murabba'in milimita 10. Fiyus na amfiya 40 ya zauna kusa da kan batir, kada ya wuce taƙi ɗaya ko biyu, domin wayar yake karewa in ta goge da ƙarfe. Daga fiyus sai rile (makunnin da ƙaramar wuta ke tayarwa) mai amfiya 40, daga rile sai kwamfireso. Siririyar wayar da ke tayar da rile ta fito daga layin da ba ya samun wuta sai an murɗa makulli, ta bi ta makunnin dashbod, sannan ta makunnin matsin iska, mai kunnawa a 110 PSI ya kashe a 145. Wanda ya haɗa ta kai tsaye da batir, ƙaramin yoyon iska ya isa ya sa kwamfireson ya kwana yana tashi, da safe mota ta ƙi tashi. Wajen ɗaura wayar as, wato ta negetib, a jikin ƙarfen mota, a kankare fenti har farin ƙarfe ya fito. Duk inda waya ta ratsa bodi a sa mata zoben roba.

Tiyon farko mai saƙar ƙarfe da ke fitowa daga kwamfireso kada a canza shi da na roba, zafin iskar da ke fitowa yana iya narkar da na robar. Bawul ɗin da ke bakinsa, mai hana iska komawa baya, shi ma a bar shi, kuma kada a matse shi da ƙarfin tsiya don yana tsagewa. A jikin tanki dole a sami bawul na kariya mai buɗewa a 175, da geji, da famfon zubar da ruwa a can ƙasa. Zaren NPT da na BSP, nau'o'i biyu na zaren ɗaura mahaɗa, suna kama da juna amma ba sa zama lafiya, ka duba kafin ka ɗaura. Farin tef zagaye biyu ko uku ya isa, a bar zaren farko tsirara don kada guntunsa ya toshe bawul.

Gwaji a yi shi injin mota na aiki. Bari tanki ya cika ya kashe kansa, ka shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa, ka duba kumfa. Ka lura da geji da dare, ka sake dubawa da safe; in ya faɗi sosai kuma babu kumfa ko'ina, zargi bawul ɗin hana komawa. Ruwan tanki a zubar da shi kowane mako, da damina kuwa bayan kowane amfani, domin tankin ƙarfe daga ciki yake yin tsatsa.