Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Ruwa Ba Inji

Assalamu alaikum jama'a, satin da ya wuce mun tsaya inda aka turani garin nan na kan dutse aikin ruwa, toh bari mu ɗora.

Mutanen garin bohol suke so, don shi suka saba gani a garuruwan ƙasa, ni kuma tun a hanya nasan ba zai yiwu ba, motar haƙa ba zata iya hawa wannan hanyar ba, mu kanmu a mashin muka hau wani wajen ma sai ka sauka ka tura, kuma ko an haƙa an samu ruwa a cikin dutsen nan wa zai riƙa hawo da man janareto kullum. Alhali ga idon ruwa can sama da garin, mata da yara ke hawa da jarka su sauko da ita a ka, da damina hanyar santsi kamar an zuba mai.

Dana faɗa a taro cewa fayif kawai zamu ja daga sama, wani dattijo ya dubeni yace, ɗana ruwa ba inji? Nace Baba ai Allah ya riga ya ɗora muku shi a sama, da ƙafarsa zai sauko. Dariya akayi, shi dai bai yi ba.

Farko sai da muka jira rani yayi tsanani sannan muka auna idon, saboda duk wanda ya auna da damina ya yaudari kansa. Awon ba wani abu bane, bokiti ne da agogo. Misali in bokiti mai lita 20 ya cika a sakan 40, rabin lita kenan duk sakan, a awa 24 kana da lita 43,200, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa kamar lita 20 ga mutum a rana a matsayin mafi ƙaranci, kaga sai ka raba ka gani ko zai ishi gari. Namu ya isa har da saura.

Wahalar tana wajen ɗaukar kaya. Siminti, yashi, rodi, duk a ka ko a bayan jaki, wlh a nan na fara girmama mutanen dutse, matashi ya saɓa buhun siminti yana hawa yana hira ni ko da kwalbar ruwa kawai ina haki. Muka gina akwatin siminti a bakin idon muka rufe shi don kar dabbobi da ganye su shiga.

Abinda mutane basa ganewa shine gangaren da yake kawo ruwan shine yake fasa fayif. Duk mita 10 da ruwa ya sauko ƙarfinsa na ƙaruwa da kusan bar 1 (bar shine ma'aunin ƙarfin matsin ruwa), fayif ɗin roba kuma akwai mai ɗaukar bar 6 akwai mai 10, in ka wuce nan sai dai kaji tau cikin dare. Shi yasa muka sa ƙaramin tanki a tsakiyar gangaren, ruwa ya zuba ya huce sannan ya sake kama hanya. Inda fayif ya hau tudu iska ke taruwa ta toshe shi, inda ya faɗa kwari laka ke kwanciya, kowanne da bawul ɗinsa, wato mabuɗin da ake fitar da iskar ko lakar. Kuma dole a binne shi da zurfi, in ba haka ba rana ko wutar daji ko garmar manomi ta gama dashi.

Ranar da aka buɗe famfon farko Baban nan yazo ya sa hannu ya daɗe, sannan yace toh ɗana, waye zai gyara in ka tafi? Kafin na bashi amsa sai ga mutanen unguwar sama sun iso a fusace, wai ruwa ya ratsa gonakinsu ya wuce su ya tafi unguwar ƙasa. Yadda muka kwashe dasu sai sati mai zuwa in Allah ya kaimu.