Tagar da Rezo ke Shigowa

Mun tare a sabon gidanmu ne wata Asabar cikin Afrilu, lokacin da zafin Garwa, a Arewacin Kamaru, ke dafa mutum da ransa. Daga Yelwa muka taso zuwa can bayan Jambutu, inda gidaje ba su gama haɗewa ba. Na yi lissafin siminti, na yi na kwano, har randar ruwa ban manta ba. Rezo kuwa, wato siginar waya, ko a mafarki.

Daren farko maman yara ta fito tsakar gida da waya a hannu, tana ɗaga ta sama kamar mai neman jinjirin wata. Turaren wuta da atamfa take sayarwa, kuma WhatsApp ne shagonta. Hoto ɗaya ta tura wa wata mai saye tun bayan magariba, har aka yi isha'i yana ta juyi bai tafi ba. Ta dube ni ta ce, "Malam, ka gina mana gida ne ko rijiya?"

Layin nan shekara da shekaru muna tare da shi, a tsohuwar unguwa bai taɓa ba mu kunya ba. Ba zan kama sunan kamfanin ba, don rabin laifin namu ne: mu muka yi nisa da ƙarfensu, muka kuma shige cikin bulo da rufin kwano, waɗanda ke tare sigina kamar yadda suke tare iska.

Da farko na so in yi abin da kowa ke yi, in bi talla. MTN da Orange da Camtel mai Blue, kowa allonsa na cewa shi ne gaba. Wani maƙwabcina, dattijo mai gyaran babura da ya riga mu zuwa da shekara biyu, shi ya taka mini burki. Ya ce, "Alhaji, allo yana bakin titi, kai kuwa a ɗaki za ka kwana. Ari layi ka gwada." Haka na yi. Na ari nasa da na ɗansa, na haɗa da nawa, na bi gidan ɗaki-ɗaki har kwana uku. Da hantsi duka ukun suna gudu. Gwajin gaskiya sai tsakanin takwas da goman dare, sa'ad da unguwa duka ta dawo gida ta hau ƙarfe ɗaya, kowa na jan rabonsa. A nan ɗaya ya durƙusa, ɗaya yana ɗingishi, na ukun kuma ya tsaya da ƙafarsa, amma a wuri guda tak: tagar ɗakin girki, wadda ke kallon gari.

Na tambayi zancen waya ta fiba, wadda ake ja har cikin gida. Ita ce ba ruwanta da bango, sai dai sai inda layinta ya bi, namu lungun kuwa ko turakun kirki ba a gama kafawa ba. Wani yaro ya kawo mini zancen Starlink, intanet na tauraron ɗan'adam, wai a Najeriya an daɗe ana amfani da shi. Na tuna a 2024 kwastan ta ba da umarnin ƙwace na'urorinsa a ƙasar nan, na ce a kai kasuwa. Abin da na saya shi ne ƙaramin akwatin 4G mai cin layi, na je da katin ɗan ƙasa aka yi rajista, na ɗora forfe, wato datar wata guda.

Amma ban yar da tsohon layin ba, kuma ko kai ne ba zan ba ka shawarar yarwa ba. Lambar da dangi suka sani ke nan tun kafin a ƙara mana 6 a gaban lambobi a 2014, kuma nan ne masu sayen turare ke turo kuɗi. Ban da haka, intanet ɗinmu daga teku yake hawowa, ta Duwala da Limbe da Kiribi, ya keto ƙasar nan gaba ɗaya kafin ya iso Arewa. Tsinkewa ɗaya a hanya ta isa. Wanda ya ga ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace ƙasashe da dama suka yi tsit, ya san abin da nake faɗi. Layi biyu ba ya maganin irin wannan babbar, amma yana maganin ƙananan da ba a rasawa.

Rigimar tele ta fi ta rezo zafi, don ita ta cikin gida ce. Samarin gidan Canal+ suke so saboda ƙwallon Turai. Hajiya, mahaifiyata, ba abin da ya dame ta da wannan. A ba ta Arewa24 da tashar nan mai nuna Ka'aba dare da rana, shi ke nan. Ni kuma labarai nake so, CRTV da dare, Hausar BBC da RFI kuwa rediyona ya ishe ni. Yaran suka ce ai komai ana kallo a waya yanzu. Na bar su suka kalli wasa ɗaya ta akwatin, washegari na nuna musu abin da ya rage a forfe. Ba wanda ya sake tayar da maganar. Bidiyo ba ya cin data, haɗiye ta yake.

Sai muka raba gardama. Na sa aka kafa faranti na tashoshin kyauta, wanda ba a biyan ko dala bayan kuɗin kafawa, wannan na Hajiya. Dikodar biya kuma aka ce samari su riƙa haɗa kuɗin wata da kansu. Watan da babu wasa, ko babu kuɗi, ta huta. Kafin mai kafawa ya sauko daga kan katanga na sa Hajiya ta zauna ta ga tashoshinta ɗaya bayan ɗaya da idonta. Na kuma ce ya ƙara ɗaure ƙarfen, don iskar farkon damina idan ta ture faranti ko da yatsa ɗaya ne, hoto ya tafi. Ruwan Agusta ma idan ya sauko da ƙarfi yana yanke hoton, wannan kam sai haƙuri har hadari ya wuce.

Saura kuran, wato wutar lantarki. Arewa da madatsar Lagdo ta dogara, idan ruwa ya ja baya da rani kowa ya san yadda ake kwana. Akwatin intanet ba ya cin wuta sosai, bolt 12 ne, don haka ɗan faifan sola da batir ƙarami suka riƙe shi. Tele ce dai ke bin kuran, ya zo ta zo, ya tafi ta tafi.

Yanzu akwatin yana kan tagar ɗakin girki, bisa wani gwangwanin madara da aka kife. Hayaƙi ya fara sauya masa launi. Jiya na ce bari in matsar da shi falo inda ya fi tsabta, maman yara ta ɗago ludayi ta ce in taɓa in gani.