Wa'adin gurfanar da ɓarawo, da lokacin da sulhu ke cinyewa

A karkarar Tawa da ke Nijar, idan aka sace wa makiyayi saniya ko raƙumi, ba kasafai yake fara zuwa wurin jandarmomi ba. Yakan bi sawu, ya zaga kasuwannin dabbobi yana duba shaidar da ya yi wa dabbarsa a kunne ko a cinya, idan kuma zarginsa ya faɗa kan wani, sai ya kai magana gaban mai gari. Ina girmama wannan hanya, domin ta sha raba rigimar da kotu za ta ƙara hura wa wuta, amma akwai wani abu da take ɓoye wa mai dabba.

Kundin tsarin shari'ar laifuka da Nijar ta kafa a 1961 ya ɗibar wa hukuma wa'adin gurfanar da mai laifi: shekara 10 ga manyan laifuka, shekara 3 ga matsakaita, shekara 1 ga ƙanana. Sata tsagwaronta, wadda ba a haɗa ta da makami ko zubar da jini ba, tana cikin rukuni na tsakiya. Ƙidayar tana somawa ne tun ranar da aka yi satar, ko da mai kaya bai san ɓarawonsa ba sai daga baya. Faransa, wadda daga gare ta aka gaji wannan tsari, ta ninka nata wa'adin a 2017, manyan laifuka suka koma shekara 20, matsakaita shekara 6.

Hujjar masana doka ta ɗibar wa'adi ita ce shaidu suna mutuwa, masu rai suna mantuwa, kuma hukuncin da aka gina kan tunanin da ya dushe yana iya faɗawa kan marar laifi. Hujja ce mai ƙarfi, ko da yake wanda aka raba da garkensa ba zai ji daɗinta ba.

Abin da ke katse wa'adin shi ne matakin bincike ko na tuhuma daga hukuma, kamar jandarma ya ɗauki jawabi ya rubuta a takarda, ko mai gabatar da ƙara ya ba da umarnin bincike. Daga ranar sai a sake ƙidaya daga farko. Zaman sulhu a ƙofar mai gari ba ya cikin waɗannan matakai. Saboda haka wanda ake zargi zai iya ta ɗaga alkawarin biya daga kaka zuwa kaka, dattawa suna ba mai dabba haƙuri, har shekara 3 ta cika ba tare da an rubuta ko layi ɗaya a ofishin jandarmomi ba.