Yadda na bi sawun kalmar besmirch

Fassarar labarai ce sana'ata, kuma besmirch na cikin kalmomin Ingilishi da nake yawan cin karo da su, musamman idan ɗan siyasa ya fito yana kukan an taɓa masa mutunci. "Ɓata suna" nake rubutawa in wuce. Ranar da aiki ya ɗan lafa, sai na ɗauko ƙamus mai bayar da tarihin kalmomi, na ce bari in ga daga ina ta fito.

Na fara da raba ta gida biyu. Smirch tsohuwar kalma ce tun ƙarni na 15, ma'anarta shafa wa abu datti. Shi kuwa "be" ɗafa-goshi ne, wato ɗan ƙari a farkon kalma, da ke nuna dattin ya game ko'ina.

Inda abin ya ba ni sha'awa shi ne wajen Shakespeare. A wasansa na Henry V, wanda ya rubuta wajen 1599, Sarkin Ingila na magana da manzon Faransa gab da yaƙin Agincourt na 1415. Ya ce masa adon sojojinsa duk ya dagule saboda tafiya cikin ruwan sama, kuma wannan kalma ya yi amfani da ita. Taɓo ne na gaske a jikin tufafi, babu batun suna ko kaɗan. Amma a Hamlet, inda Laertes ke ja wa ƙanwarsa Ophelia kunne game da soyayyar yarima Hamlet, kalmar ta bar riga ta koma kan hali da niyyar mutum. Marubuci ɗaya, ma'ana biyu, tsakanin 'yan shekaru.

Binciken ya gyara mini aiki. Na gane ba kalmar kotu ba ce; a shari'ar Ingila slander ake cewa idan da baki aka yi ƙazafin, libel idan a rubuce ne. Don haka yanzu sai na duba wa ya yi wa wa. Idan abokin hamayya ne ya ƙulla wa mutum sharri, nakan rubuta an shafa masa kashin kaji, wadda a ganina ta fi "ɓata suna" kama hoton. Amma Bature kan yi amfani da kalmar ko da ɗa ne ya jawo wa gidansu abin kunya da hannunsa. A nan babu ƙazafi, sai in ce ya zubar da mutuncin gidan.